Yadda Na Ci Amanar Masu Zayyana Biyu

Ba zan faɗi sunana ba. Mutanen cikin birni da suka san abin da na yi sun san ni, waɗanda ba su sani ba kuma sunan ba zai ƙara musu komai ba. Ni haifaffen unguwar Madabo ne a birnin Kano. Mahaifina maɗinkin hula ne, mutum mai ƙarancin magana, ya rasu ina aji uku na sakandare. Ban tashi cikin yunwa ba, ban kuma tashi cikin rashin tarbiyya ba, kuma ina faɗin haka tun da wuri don kada wani ya nema mini uzurin da ni kaina na nema na rasa. Na yi makarantar allo, na yi ta boko har na samu difloma, sannan kawuna ya taimaka mini na buɗe ɗan shagon kwamfuta a wajen Ƙofar Ruwa. Ina buga takardu, ina cike wa mutane fom, ina ɗaukar hoton fasfo. Abin da nake samu yana riƙe ni da Innata, har na yi aure a cikinsa.

Allah ya ba ni baiwar tsara magana a takarda. Mutum zai zo da zance a warwatse, in zauna in jera masa shi har shi kansa ya yi mamakin cewa nasa ne. A lokacin ne aka fara jin labarin wasu ƙungiyoyi na waje da ke ba masu fasaha ɗan tallafi, irin su masu wasan kwaikwayo, marina, dukawa, mawaƙa da masu zane. Ba kuɗi ne masu yawa ba, amma ga mai ƙaramar sana'a abin a zo a gani ne. Matsalar ita ce sai an rubuta takardar nema da Turanci, in an gama aiki kuma a rubuta rahoto a haɗa da hotuna. Yawancin masu sana'ar ba su iya wannan ba, sai suka riƙa zuwa wurina.

Ƙaryata ta farko ƙarama ce, har ma ban kira ta ƙarya ba. Wasu matasa masu wasan kwaikwayo sun samu tallafi, ranar da za su yi wasan ruwan sama ya kori jama'a, suka ƙare da mutum bai fi a ƙirga da yatsu ba. Suka zo hankali a tashe, domin rahoto yana buƙatar hoton taro. Na buɗe kwamfuta na ɗauko hoton wata walima da na taɓa ɗauka, na yanke gefen da ango yake, na liƙa musu. Shugabansu ya dafa kafaɗata ya ce, "Kai fa kanka yana ja." Na ji daɗin maganar fiye da kuɗin aikin da ya ba ni. Rahoto ya wuce lafiya, babu wanda ya tambayi komai.

Daga nan abin ya zame mini jiki. In mutum goma suka halarci taro sai in rubuta arba'in, in sa hannu da dama, in sa da hagu, in canza biro. Na fara cewa a ba ni kasona tun kafin in taɓa takarda. Can sai na ga ai wahalar banza nake yi ina raba wa wasu, na ƙirƙiro ƙungiyar da babu ita a duniya sai a cikin kwamfutata, na yi mata tambari mai kyau, ta kuma samu tallafi. Na canza waya, na sayi babur, na fara ɗinka shadda mai maiƙo. Innata ta taɓa tambayata ko buga takarda ne ke kawo wannan duka, na ce mata ai yanzu harkar ta koma ta intanet. Ta ce Allah ya sa albarka, na ce amin ba tare da na kalle ta ba.

Sai ga sanarwar wani tallafi na daban. Wannan karon sharaɗin shi ne masu fasaha daga ƙasashe biyu su haɗu su yi aiki tare, kowa ya koyi wani abu a wurin ɗan'uwansa. Kuɗin ya fi na baya kauri, amma masu bayarwar sun fi sa ido. Suna son sunayen mutane na gaske, da katin shaida, da lambar waya, da asusun banki mai sunan shugaban ƙungiya. Ƙungiyar cikin kwamfuta ba za ta yi ba. Ina buƙatar dattijo mai sana'a ta gaske wanda ba zai tambaye ni komai ba, kuma ban yi dogon tunani ba na tuna da Baba Bukar.

Baba Bukar aminin mahaifina ne, gidansa na bayan namu. Kakanninsa daga Barno suka zo suka zauna a birni tun zamanin da. Sana'arsa zayyana, wato adon nan mai launi da ake zana wa allon ɗalibin da ya sauke Alƙur'ani. Shi ya yi wa mahaifina wankan gawa, shi ya karɓa mini aure. Ba shi da dukiya, abin da ya mallaka shi ne sunansa. A unguwarmu in mutum zai yi tafiya, wurinsa yake barin makullin ɗaki da takardar gida. In an yi saɓani a kan gado ko iyakar fili, ana cewa a kira Malam Bukar, abin da ya faɗa kuma shi ke nan. Wannan sunan nake buƙata, kuma shi na je na ɗauka.

Na same shi a zaure da hantsi yana dama tawada. Na ce masa ana rajistar masu sana'ar gargajiya ne don kada a manta da su, kuma na ga bai kamata a yi babu shi ba. Ya yi murmushi ya ce, "To ɗan aminina, wa zai manta da abin da bai sani ba? Kawo in sa maka." Ya rubuta sunansa da ajami a duk inda na nuna masa, shafi bayan shafi. Na ɗauke shi a babur zuwa banki, na ce ai cikin rajistar ne. Aka buɗe asusu da sunansa, katin cirar kuɗi kuma ya kwana a aljihuna.

Saura abokin aiki daga ƙetare. Na shiga Kasuwar Kurmi wurin wani mai kawo fata daga Damagaram, na tambaye shi ko akwai mai zayyana a can. Ya ce akwai wani Malam Isuhu, duk yankinsu babu kamarsa, ya ba ni lambar waya. Na kira shi na ce Malam Bukar na Kano ne ya ce a gaishe shi, ya ji labarin hannunsa, yana so su zauna su yi aiki tare, kuma akwai ƙungiyar da ta ɗauki nauyin komai. Ya ce, "Malamin Kano ya san da ni? Ikon Allah. Yaushe yake son in taho?" Na ce bayan Babbar Sallah da mako biyu, kuɗin mota da haƙƙin aikinsa duk za a ba shi a nan. Na faɗa ne kawai don ya turo mini hoton katinsa, kuma ɗansa ya turo a ranar. A lissafina babu tsohon da zai tsallako iyaka ba a aika masa kuɗin mota ba.

Tallafi ya fito. Na je Kurmi na sayi alluna masu zayyana, na samu wani dattijo mai sayar da goro na naɗa masa rawani har ya rufe rabin fuska, na kai shi zauren Baba a matsayin mai sha'awar ɗaukar hoto. Na ɗauke su suna riƙe da allo. Na rubuta rahoto mai daɗi, na ce malaman biyu sun yi kwanaki suna musayar ilimi, har na ƙirƙiro musu kalaman da suka faɗa wa juna. Na tura tun kafin Sallah, aka yaba, aka saka a shafin ƙungiyar. Kuɗin kuwa na bi ta kansu, na ma manta na taɓa yanka wa wani rana.

Wata ranar Laraba bayan la'asar na dawo unguwa, Innata ta ce Baba Bukar ya yi baƙo daga Damagaram, yana nemana. Na shiga zauren na tarar da wani dogon tsoho siriri zaune a kan buzu, ga buhu a gefensa da alluna da kwalaben tawada a ciki. An riga an share masa ɗakin soro, an yanka kaza. Daga baya na ji cewa tunkiyarsa ya sayar ya yi kuɗin mota, ya bar gonarsa a tsakiyar noman fari. Abin da ban sa a lissafi ba shi ne, a wurin irin waɗannan mutane, in malami ya kira malami, an gama magana.

Baba ya ja ni gefe ya ce, "Bawan Allahn nan ya ce saƙona ya iske shi. Ni ban san na yi aike ba, amma ban so in kunyata shi, na ce masa madalla. Ko kai ka san wani abu?" Na ce ni ne na ba baƙon labarin Baba ta hannun 'yan kasuwa, na ce masa Baba yana son ganin masu sana'a irin tasa, ziyara ce kawai. Fuskarsa ta washe. Ya ce, "Allah ya yi maka albarka, ka yi abin da ubanka zai yi." Na sunkuyar da kai, shi kuma ya ɗauka ladabi ne.

A nan na gano abin da zai cece ni, kuma shi ne abin da na fi jin kunyarsa a yau. A al'adarmu mai gida ba ya tambayar baƙo abin da ya kawo shi, sai baƙon ya faɗa da kansa. Baƙo mai mutunci kuma ba ya buɗe baki ya tambayi mai masaukinsa kuɗi alhali yana cin tuwonsa. Na san Baba ba zai tambaya ba, na san Malam Isuhu ba zai tambaya ba. Na tsaya a tsakiyar kunyar dattawa biyu na ɓuya.

Kwana goma sha biyu suka yi tare. Tun da safe suke shimfiɗa tabarma, kowa da alƙalaminsa. Malam Isuhu daga tsakiyar allo yake fara zane ya yi waje, Baba kuma daga gefe yake farawa ya shigo ciki, kuma sun kwana biyu suna gardama a kan wanda ya fi daidai, suna dariya. Malam Isuhu ya nuna wa Baba yadda yake fitar da jan launi daga karan dafi, Baba ya nuna masa gwargwadon ƙaron da ake zubawa don kada tawada ta tsage in ta bushe. A kwano ɗaya suke cin abinci. Duk abin da na zauna na ƙaga a rahoto, ga shi yana faruwa a gabana, har ya fi nawa kyau, ba tare da ko kwabo na tallafin ya shiga ciki ba. Kullum in na leƙa sai in ce yau zan faɗa musu gaskiya, kullum sai in gaishe su in wuce.

Ana gobe zai tafi, Malam Isuhu ya biyo ni ƙofar gida. Ya daɗe yana gyara rawani kafin ya ce, "Ɗana, batun nan da ka yi mini a salula, ban sani ba ko..." Bai iya ƙarasawa ba. Na ce, "Ai yana hannun Baba, shi ne shugaba. Zai sallame ka in za ka tafi." Ya ce to, alhamdu lillahi, ya koma ciki. Duk ƙaryar da na yi a rayuwata, babu wadda ta yi ɓarnar wannan.

Da safe muka raka shi tasha. Baba ya ba shi goro da turare da sabuwar hula, sannan ya zaro 'yan kuɗi daga aljihunsa ya danƙa masa ya ce a sha ruwa a hanya, kamar yadda ake sallamar kowane baƙo. Malam Isuhu ya dubi abin da ke hannunsa, ya dubi Baba, ya jira ko akwai sauran magana. Babu. Ya ce, "Allah ya saka," ya shiga mota, bai ƙara waiwayowa ba. A hanyar komawa Baba ya ce mini, "Kamar ransa a ɓace ya tafi. Ko mun gaza masa a wani abu?" Na ce gajiya ce da tunanin gona.

Ɗan Malam Isuhu, Habu, ya yi boko. Da ya ga uban ya dawo babu tunkiya, babu abin da aka yi masa alkawari, ga gona ta cika da ciyawa, sai ya shiga bincike. Ya gano shafin masu tallafin, ya ga sunan mahaifinsa a ƙarƙashin hoton wani mai goro da bai taɓa gani ba. Ya rubuta musu. Suka turo wakiliyarsu Kano, ta zo shagona da takardu, na yi ta kame-kame, ta tafi ta dawo da 'yan sanda.

A caji ofis aka tambaye ni wa ya karɓi kuɗin. Na samu dama ta ƙarshe, na kuma watsar. Na ce ni mai buga takarda ne kawai, su duba su ga sunan wa ke kan asusu, su duba sa hannun waye a kowane shafi. Da rana tsaka suka je Madabo, suka fito da Baba Bukar daga zaurensa, tawada ba ta ko bushe a yatsunsa ba, jama'a na tsaye suna kallo. Kwana biyu ya yi a bayan kanta kafin 'yan unguwa su yi belinsa. Ba a daɗe ba banki ya kawo hotunan wanda ke zuwa cirar kuɗi, kuma ni ne a kowane ɗaya, da shaddata mai maiƙo.

A kotu alƙali ya tambayi Baba ko sa hannunsa ne. Ya ce nasa ne. Aka ce ya karanta kafin ya sa? Ya ce, "Ban karanta ba, ranka ya daɗe. Ɗan aminina ne ya kawo." Bai ko dube ni ba. Aka wanke shi, ni aka yanke mini shekara uku.

Ba zan cika ku da labarin gidan yari ba. Akwai cunkoso, akwai ƙaiƙayi, akwai abincin da sai ka rufe ido. Matata ta koma gidansu da cikin fari, kuma ban ga laifinta ba. Innata tana zuwa duk wata, ita ke kawo mini labarin unguwa, ba ta ɓoye mini komai. Ta ce masu tallafin sun daina karɓar takarda daga yankinmu, har wasu mata masu saƙa da suka yi nasu tsakani da Allah aka mayar musu. Ta ce duk da kotu ta wanke Baba, wasu sun je sun karɓe makullansu da takardunsu, wai ba don komai ba, don dai tsufa ya kama shi. Ya miƙa wa kowa nasa. Amma abin da ya fi cin ransa ba na unguwa ba ne. Labarin da ya isa Damagaram shi ne an kama Malam Bukar, sauran bai isa ba. Baba ya rubuta wasiƙa ya ba mai fatar nan ya kai, aka dawo masa da ita ba a buɗe ba. Ya sake rubutawa, aka sake dawowa da ita.

Ranar da na fito, sai da na kwana biyu a ɗaki kafin na iya taka ƙofar gidansa. Na same shi ya rame, idonsa ya yi rauni, ya daina zane. Na durƙusa na ce, "Baba, ni ne." Ya ce ya gane muryar. Na faɗi duk abin da na yi, har maganar da na gaya wa baƙonsa a ƙofar gida, wadda bai taɓa sani ba sai ranar. Sannan ya ce, "Ashe shi ya sa ya dube ni haka a tasha." Na ce ya yafe mini.

Ya ce, "Kwana biyun da na yi a kulle na yafe tun ina ciki. Mutanen unguwa kuma suna ganina kullum, wanda zai gane zai gane. Amma akwai mutumin da na ci abinci da shi a kwano ɗaya, yana can yana ganin na cinye haƙƙinsa na sallame shi da goro. Takardata ba ya buɗewa. Kai ka faɗa masa ƙaryar, kai za ka je ka warware ta da bakinka. Abin da nake nema a wurinka ke nan."

Na yi wata guda ina dako a kasuwa har na haɗa kuɗin mota, domin shago ya daɗe da tafiya. Na tsallaka iyaka, na isa Damagaram, na yi ta tambaya har aka nuna mini gidan. Wani mutum ya fito, na ce Malam Isuhu nake nema, daga Kano. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce shi ne Habu, mahaifinsa kuma ya rasu wata biyar da suka wuce.

Na zauna a ƙasa a nan ƙofar gidan. Na gaya masa ko ni wane ne. Na zaci zai doke ni, kuma da ya yi da na ji sauƙi. Sai ya ce in jira a yi azahar. Bayan sallah ya tsayar da mutane a ƙofar masallaci ya ce ga wani daga Kano yana da magana. Na tashi a gaban dattawan da ban sani ba na faɗi komai, na ce Malam Bukar bai san da tallafi ba, bai ga ko sisi ba, kuɗin da ya ba baƙonsa daga aljihunsa ya fito, ni ne ɓarawon. Suka yi ta salati. Wani tsoho ya ce Allah ya sa iyakar wahalar ke nan. Da za mu rabu Habu ya ce mini, "Mu mun ji. Amma shi har ya koma ga Allah, in an ambaci Kano sai ya juya fuska. Yana cewa bai yi baƙin cikin tunkiya ba, ya yi baƙin cikin ya ɗauki mutum ɗan'uwa."

Duk tsawon hanyar dawowa abu ɗaya nake juyawa. Baba ba ya gani sosai, ba ya zuwa nesa, babu mai zuwa daga Damagaram ya ƙaryata ni. Ina iya ce masa na same shi, ya saurara, ya yi kuka, ya ce a gaishe da ɗan'uwansa. Na iya tsara irin wannan, sana'ata ce, har kalaman na jera a raina. Zai yi barci da daɗi, kuma wa zai kira wannan zamba?

Na shiga zauren bayan la'asar. Ko gaisawa ba mu gama ba ya ce, "Ka same shi? Ya ji?"

Na ce, "Bai ji ba, Baba. Ya rasu wata biyar da suka wuce. Ɗansa da mutanen unguwarsu sun ji, amma shi bai ji ba."

Ya yi salati a hankali. Ya ɗaga hannu ya yi wa mamacin addu'a mai tsawo, ina cewa amin, hawaye na bin gemunsa. Da ya shafa sai ya ce, "To, sai mun haɗu a can in yi masa bayani da kaina. Tashi ka je, na yafe maka." Na tashi na fita, kuma ban taɓa jin nauyin yafiya irin na ranar ba.

Yanzu ina aiki a shagon wani, ina buga takardun makaranta. Matata ta dawo bayan dogon rarrashi, 'yata ta fara sanina. Na tuba ga Allah, ina kuma roƙon ya karɓa.

Ku matasa, musamman ku da kuka iya boko da waya a gidajen da iyaye ba su iya ba, da ku nake. Dattawan nan da ke miƙo muku hannu su sa a takarda ba wawaye ba ne, yarda suka yi da ku. Ku karanta musu abin da ke ciki da Hausa, kalma bayan kalma, ko da sun ce ba sai kun karanta ba. In taro bai yi jama'a ba, ku rubuta bai yi ba. In kuka samu tallafi don a haɗa ku da wani a ƙetare, ku yi aikin, ku ba kowa haƙƙinsa a hannunsa a gaban shaida, kada ku bar mai kunya ya rasa bakin tambaya. In kuma kun riga kun yi ƙaryar, ku je ku warware ta yau, tun wanda kuka yi wa yana da rai. Ni na samu kwana goma sha biyu ina wucewa ta gaban mutanen nan biyu ina cewa gobe. Na yi zaman gidan yari na gama, Baba ya yafe mini, mutanen Damagaram sun ji gaskiya. Malam Isuhu kuwa an binne shi yana ganin Baba Bukar maci amana ne, kuma babu motar da zan hau in je in gyara wannan.